JA MAI FARIN CIKI

Shafi na 14

Masu turo mini saƙo cewa na bar Rahmatu tsaye a bakin zaure har ƙafafunta sun yi tsami, na ji, yau zan shigar da ita gida. Ke kuma da kika ce wai ina aka ga fulawa a Dutsin-Ma a 1964, ki je ki tambayi kakarki, ba a kanki aka fara kanti ba. Sababbin zuwa ku matso in gutsura maku, don ba zan koma baya ba.

Mamuda, uban Rahmatu, kuku ne. Ya fi shekara ashirin yana dafa wa Turawa abinci a Kaduna. Bara ya tattaro ya dawo gida Dutsin-Ma, ya karɓi 'yarsa daga hannun ƙanwarsa da ta riƙe ta tun rasuwar uwarta. Rahmatu na son Sabitu ɗan Yero, Bafulatanin Barkiya ta ƙasar Kurfi, shi ma yana son ta, har ba ya iya ɓoyewa. Da dangin Sabitu suka kawo kayan gaisuwa, maimakon a mayar masu da kwanoninsu cike da alkaki da nakiya kamar yadda kowa ke yi, sai Mamuda ya cika masu kwano da wani biskit ja wur, bibbiyu a manne, da wani farin abu a tsakiya.

Da karan dafi ya rina shi, wannan jan karan dawa da dukawa ke rina fata da shi. Badukun da ya sayar masa ya ba da labari a kasuwar Kurfi, ba da wata manufa ba. Kafin maganar ta isa Barkiya karan ya faɗi a hanya, dafin kaɗai ya isa. Yero ya sa aka haƙa rami aka binne biskit ɗin, ya ce maganar aure a dakata.

To yau ga Gogo Adama, yayar Yero, wadda ta reni Sabitu tun yana tsumma, ta sauka daga motar kasuwa da ƙwarya a ka. Abin da ta koma da shi Barkiya shi za a bi, ko a sa rana ko a fasa.

*

Rahmatu ta zube ƙasa ta gaishe ta.

"Ke ce ɗiyar?" in ji Gogo.

"Ni ce, Gogo."

"Tashi in gane ki."

Ta dube ta daga sama har ƙasa.

"To, yaron bai makance ba. Ina mai jan abin?"

Doguwar tsohuwa ce siririya, idanunta ba sa zama wuri ɗaya. Kafin ta kai tsakar gida ta riga ta leƙa randa, ta leƙa akurki, ta tsaya ta ƙare wa wani farin ƙyalle kallo da ke rataye a reshen dalbejiya yana ɗigar da ruwa cikin kwano. Irin matan nan ce da in suka ga rami a hanya ba za su wuce ba sai sun san mai shi.

Mamuda ya fito daga ɗaki da farar rigarsa ta kuku, wadda ya sha alwashin ba zai ƙara sawa ba. Gajere ne mai ƙiba, ya tsufa amma tsaf da shi. Ya rusuna suka gaisa.

"Malam Mamuda," in ji Gogo, "ban zo hwaɗa ba. Gani na zo yi."

"Bismillah, Gogo. Ga tabarma."

"Yero ya bizne abin ga tun ban ko sunsuna ba. Tun rannan ban da sukuni. Na ga jan goro, na ga jan barkono, na ga manja, amma ban taɓa ganin abincin da anka yi ma rini kamar zane ba. Za ka yi shi gabana. Duk abin da zai shiga ciki sai ya bi ta hannuna."

"Yanzu?"

"Da wata sallar kake jira?"

Mamuda ya yi murmushi. Tun da maganar dafi ta fito rabonsa da murmushi. Ya ce wa Rahmatu ta hura gawayi ta ɗauko turmi.

Ba a jima ba sai ga Kyauta maƙwabciyarsu ta shigo aron rariya. Rariyar tata kuwa na rataye a ɗakinta, kowa ya sani. Ta samu gindin bango ta zauna. Bayanta wasu mata suka biyo, masu aron wuta da masu neman kazar da ba ta ɓace ba.

Mamuda ya ɗauko kwalbar man shanu.

"Aje wannan," in ji Gogo. Ta buɗe ƙwaryarta. "Ga nawa. Da hannuna na kaɗa shi."

Ya karɓa ya duba, ya gyaɗa kai.

"Madam da ta ga wannan da ta yi maki oda duk sati."

"Wace ce Madam?"

"Matar maigidana na ƙarshe. Ba'amurkiya ce. Ita ta koya mini."

"Ita ma ci take?"

"Ita da 'ya'yanta."

"Suna da rai?"

"Har yanzu, in sha Allahu."

"To ci gaba."

Rahmatu ta daka sukari har ya yi laushi kamar garin kwalli. Mamuda ya zuba shi kan man shanu ya hau bugu da cokalin katako. Gogo ta matso da kanta har tana neman shiga kwanon.

"Mi kake nema a ciki da kake ta dukanshi haka?"

"Iska nake sa masa."

"Iska?"

Matan gindin bango suka dubi juna. Kyauta ta yi a'uziyya ƙasa-ƙasa.

"Ba iskoki ba," in ji Mamuda da sauri. "Iskar shaƙa. In ya sha bugu sai ya yi fari ya tashi. Ki duba."

Gogo ta duba. Man da ya shiga rawaya ya koma fari sol, ya kumbura. Ta karɓi cokalin ta buga da kanta, ta ga ya ƙara tashi. Ta tsaya tana kallonsa kamar yau ta fara ganin man shanu.

Aka fasa ƙwan zabo, sai da Gogo ta haska kowanne a rana. Aka tankaɗe fulawa da rariyar da Kyauta ta zo aro. Aka sa gishiri da 'yar hodar tashi.

"Rahmatu, miƙo mini koko," in ji Mamuda.

"Koko?" in ji Gogo. "Har da kamu a ciki?"

"Ba na gero ba. Na gwangwani."

Ya buɗe wani ɗan gwangwani. Gari ne mai ruwan ƙasa. Gogo ta kai hanci, ta yi atishawa, ta dangwala da ɗan yatsa ta lasa. Nan take ta yamutse fuska.

"Aradu ya fi maɗaci. Wanga ne dafin?"

"A'a. Wannan 'ya'yan itace ne, a ƙasar Yarbawa ake nomansa. Kaɗan ake sawa, don ƙamshi."

"To ina shi? Ni hwa shi na biyo."

Mamuda ya shiga ɗaki. Tsakar gida ta yi tsit, har ɗigar ruwan ƙyallen nan ana ji. Rahmatu ta sunkuyar da kai. Ta san babu komai a ciki, amma duk da haka tsoro take ji, don ta ga yadda magana ke juyewa a bakin mutane.

Ya fito da ɗan dami na busassun ɓawon kara, jajaye, ya ajiye gaban Gogo.

Ta ɗauki ɗaya. Ta juya shi. Ta murza. Ta dubi Mamuda.

"Wanga?"

"Shi ne."

"Karan dafi? Wanga da muke jiƙa ma mai jego in jini ya yi mata kaɗan?"

"Shi ɗin dai."

Gogo ta fara dariya a hankali, kafaɗunta na girgiza, daga nan ta ƙwace mata har ta riƙe ciki. Sai da ta goge ido da gefen mayafi.

"Yero, Yero. Ni na ɗura mashi ruwan wanga kara sadda shawara ta kama shi yana yaro. Shi ne ya tara maza sunka haƙa rami har da addu'a."

"Ni dama na ce ba za a rasa bayani ba," in ji Kyauta.

Ku ji ta fa. Ita ce ta kai labarin gidan suna, ta kai shi bakin rijiya, har da ƙarin cewa ta ga kaza ta tsattsagi ɓarɓashin ta faɗi.

Mamuda ya tafasa karan da 'yar ƙwayar kanwa, ya bar ruwan ya ƙone har ya yi kauri, ya tace. Da ya tsiyaya shi cikin ƙullun sai ja ya bi fari yana cinye shi. Ya ƙara ludayin nono tsala ya juya. Matan da ke gindin bango suka taso ba tare da an kira su ba.

"Ita Madam ɗin taka a ina ta san karan dafi?" in ji Gogo.

"Ba ta san shi ba. Nata jan a 'yar kwalba yake zuwa daga ƙasarsu. Da za ta tafi ta bar mini saura, ya ƙare. Na gwada zoɓo ya koma shuɗi-shuɗi. Na gwada manja, ba a magana. Wata rana ina wucewa ta rumfar dukawa na ga fata a shanye."

"Shi biskit ɗin, mi suke ce mashi can?"

"In an juya da Hausa, jan karan-miski. Wai don laushinsa."

"Karan-miski na rigar sarakai?"

"I."

"Kai dai kara ba ya barinka. Ka fito daga karan-miski ka hwaɗa karan dafi."

Har Rahmatu sai da ta yi dariya, ta rufe baki da zane.

"Ni na sa masa nawa sunan," in ji Mamuda. "Ja mai farin ciki. In mun zo wurin cikin za ki gani."

Ya riƙa gutsuro ƙullun yana mulmulawa kamar ƙananan goro, yana dannawa da gindin kofi, yana jerawa a kan faifan ƙarfe da ya shafe da mai. Gogo ta mulmula nata guda, ya fito kamar curin fura, ta ce a bar mata abinta a haka.

Daga nan ya jawo garwa. Tsohuwar garwar kananzir ce da ya yanke wa ƙofa a gefe, ya shimfiɗa yashi a ƙasanta. Ya ɗora ta kan garwashi, ya zuba wani garwashin a kanta.

"Ba za ya yi warin kananzir ba?"

"Na ƙone ta sarai tun a Kaduna."

Ya zura hannu ciki, ya ɗan jima, ya fitar.

"Mi ka taɓa?"

"Zafi nake ji. In gashin hannuna ya fara ƙauri, ta yi."

Gogo ta miƙo nata hannun ta zura. Ta fizge shi da sauri tana yarfewa. Aka sa faifan aka rufe.

Yanzu sai jira. Gogo ta koma tabarma, sannan ta nuna ƙyallen da ke rataye.

"Tun shigowata abin can ke kirana."

Rahmatu ta sauko da shi. Da aka kwance sai ga kindirmo ya tsane, ya dunƙule fari fat. Gogo ta sunsuna.

"Nonon Fulanin Makera ne. Sun iya kiwo, sai dai hannunsu bai nisa da randa." Ta latsa shi da yatsa. "Kai, ka zubar da ruwan ka riƙe nonon. Ai cuku ne wanda ba a shanya ba."

"Haka Madam ke cewa, cuku mai laushi. Nata a takarda mai ƙyalli yake zuwa. Ni na ga namu ya fi."

"Wa ya hwaɗa maka a rataye shi?"

"Ba kowa. Lalata na yi ta yi har na dace."

Ya zuba sauran man shanu da sukari a kai. Wannan karon Gogo ba ta tambaya ba, ta karɓi cokalin ta hau bugu. Hannun da ya saba kaɗa nono ne, nan da nan abin ya yi sumul, yana tsayawa a jikin cokali.

Tana bugu ba ta ɗago ba ta ce, "Malam Mamuda, saura tambaya guda."

"Ina ji."

"Garin ga cike yake da masu alkaki. Ga nakiya, ga dubulan. Ka aika a sawo, ka cika muna kwano, da yanzu ana maganar rana. Mi ya kai ka?"

Mamuda ya juya wajen garwa. Ya gyara garwashin da ba ya bukatar gyara.

"Uwar Rahmatu ta iya alkaki," ya ce. "Da tana nan da ita za ta yi."

Ya ci gaba, idonsa na kan garwa.

"Ni ban iya ba. Na je zan saya, har na tsaya a ƙofar mai yi, sai na ji kunya ta kama ni. 'Ya ɗaya gare ni. In cika mata kwano da abin hannun wata?"

Ya share gumi da gefen riga.

"Shekarun nan duka, duk ranar da ɗan Bature ya ƙara shekara ni ke tashi in yi masa wannan. In jera, in kai tebur, su yi waƙa, ni ina tsaye a bayan ƙofa. Tawa tana nan Dutsin-Ma, ban san ranar da ta yi haƙori ba, ban san ranar da ta fara tafiya ba. Ban taɓa dafa mata ko ruwan zafi ba. Sai na ce to, abin da hannuna ya fi iyawa, shi zan yi mata, ko sau ɗaya."

Rahmatu ta juya baya. Ba ta taɓa jin wannan maganar ba. Ita da take ganin taurin kai ne da son a sani irin na wanda ya zauna da Turawa, har ta yi kwanaki tana amsa masa magana a daƙile. Kunya da tausayinsa suka rufe ta lokaci ɗaya, hawaye suka zubo.

Cokalin Gogo ya tsaya.

Ta ajiye kwanon a hankali. Ta jawo mayafinta ta rufe rabin fuska, ta gyara zama ta ba Mamuda gefe. Idanun nan da ba sa zama wuri ɗaya suka sauka kan tabarma.

Ƙamshi ya tashi daga garwa, na man shanu da sukari da wani abu da matan nan ba su san sunansa ba. Mamuda ya buɗe ya jawo faifan. Sun fito jajaye, sun ɗan tsattsage a sama, na Gogo ya fi kowanne girma.

"Sai sun huce," ya ce. "In an shafa da zafi cikin zai narke."

"Ke ɗiya," in ji Gogo ƙasa-ƙasa, "ce ma mai gidan ga aiki ya yi kyau."

Mamuda yana tsaye kusa da ita, amma ta hannun Rahmatu ta aika masa. Shi bai lura ba, hankalinsa na kan fifita faifan. Rahmatu ta lura. Ta ɗago ta dubi tsohuwar.

Da suka huce ya ɗauki ɗaya ya kifa, ya shafa farin da kauri, ya ɗora wani a kai ya danna kaɗan har farin ya leƙo ta gefe. Ya yi ta yi har ya cika farantin tangaran, wanda shi kaɗai ya rage masa daga Kaduna. Ya goge bakin farantin. Ya durƙusa ya ajiye gaban Gogo.

"Bismillah, Gogo."

Gogo ta saci kallon farantin. Wallahi ta saci kallo, har maƙogwaronta ya motsa. Matar da ta hau motar kasuwa tun daga Kurfi, ta sha jijjiga, don kawai ta san yadda abin nan yake a baki.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Na ƙoshi."

Bari in tsaya in gaya wa 'yan zamani, don na san akwai waɗanda ke cin shinkafa faranti ɗaya da uwar miji. A wancan lokacin, balle a rugar Fulani, mace ba ta tauna a gaban surukinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ko yunwa za ta kashe ta. Da Gogo ta shigo, Mamuda baƙo ne a wurinta, shi ya sa ta kira shi gatsal, ta yi masa ba'a, ta lasa masa gari. Yanzu da ta rufe fuska ta ce ta ƙoshi, ta gama ba da amsa ke nan. Ta karɓe shi suruki.

Rahmatu ta gane. Daɗi ya kama ta.

Mamuda kuwa ya daɗe a inda in ka kai abinci tebur aka ture, to an ƙi ka ne. Murmushinsa ya ɗauke.

"Ko guda ɗaya, Gogo."

"Na gode. A rufe shi."

"A gabanki aka yi. Man naki ne. Da hannunki kika buga."

Gogo ta ƙara sunkuyar da kai.

Daga baya can wata ta raɗa wa wata, raɗar da kowa ya ji, "Ta ƙi ci."

"Baba," in ji Rahmatu, "zo ka ji."

"Bari."

"Baba, don Allah, ɗaki za ka zo."

"Na ce ki bari."

Rahmatu ta ja da baya. Ta yaya budurwa za ta buɗe baki a gaban mata ta ce wa ubanta an karɓi aurenta?

Mamuda ya ɗauki guda ya cinye, ya ɗauki wani ya cinye, yana haɗiya da ƙyar.

"Ga shi na ci. Na faɗi?"

Kyauta, wadda sau ɗaya a rayuwarta ta so ta yi abin kirki, ta matso.

"Malam, ai ba haka ba ne, ita hwa..."

"Ke ki yi mini shiru. Bakinki ya kawo mu nan."

Kyauta ta koma gindin bango.

Ya juyo ga Gogo. Bai ɗaga murya ba.

"Ɗazu har garin koko kika lasa. Kika yi dariya, kika ce Yero ya yi wauta. Na saki jiki na gaya maki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Ashe duk kallo kika zo yi, irin na wasan kura."

Gogo ta motsa baki, amma ba ta iya amsa masa kai tsaye ba. Ta dubi Rahmatu.

"Ɗiya, ce mashi..."

"Ba sai an ce mini ba. Ko magana ma yanzu na yi ƙazantar da ba za a yi da ni ba." Ya miƙe tsaye. "An binne abincina a rami, na haƙura. An ce mini mai dafi a kasuwa, na haƙura saboda yarinyar nan. Amma gidan da ake ƙyamar hannuna, gobe jinina za a ƙyamata. Ba zan kai ta inda za a riƙa wanke kwanon da ta taɓa ba."

"Baba, ka tsaya."

"Ku da ke nan ku shaida. Ni Mamuda na fasa ba Sabitu ɗan Yero 'yata. Rahmatu, shiga ki fito masu da kayansu."

Ba wanda ya motsa. Wata daga cikin matan ta sulale ta fita, kuma kun san ba gida ta nufa ba.

Gogo ta daɗe a yadda take. Sannan ta sa hannu ta janye mayafin daga fuskarta. Ta juyo ta fuskance shi sosai, ta ɗago ido ta zuba masa.

"Mamuda."

Jin sunan a bakinta, Rahmatu ta durƙushe.

"A rugarmu mace ba ta ci gaban surukinta," in ji Gogo. "Na zaci ko a Kaduna an san wannan."

Mamuda ya buɗe baki. Ya dubi Rahmatu, ya dubi Kyauta, ya dubi farantin. Na rantse maku a fuskarsa aka ga lokacin da abin ya faɗo masa.

"Gogo, ni ban..."

"Bayan girbi na so in ce a sa rana. Amma ka tara shaidu, kuma ɗiya taka ce."

Ta miƙa hannu cikin farantin. Ta tsallake ƙananan, ta ɗauko babban nan da ta mulmula da kanta.

"Gogo, don Allah kar ki ci," in ji Rahmatu, tana kuka. "Don Allah."

Gogo ta yi bismillah. Tana kallon Mamuda cikin ido ta gatsa, farin ya fito ta gefen bakinta. Ta tauna a hankali, ta haɗiye, idanunta cike da ƙwalla.

"Ashe daɗi gare shi," ta ce. "Ke ɗiya, tashi ki ɗauko mani kayanmu, kar mota ta tahi ta bar ni."